Na Huda Wayar Sabuwar Motar Ɗana

Assalamu alaikum Malam Bamalli. Don Allah ka taimake ni da shawara, domin na jawo wa kaina abin da ban san yadda zan fita ba, kuma duk wanda na faɗa wa a garin nan, kafin la'asar maganar ta isa kasuwa. Ka yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haura hamsin na shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma, amma na fi son in rubuta da hannuna da in ba wani ya san sirrina.

Bari in fara da alheri. Allah ya ba ni jika ta farko, mace, sunanta Jannat. Shekara tara muna jira. Ranar da aka miƙo mini ita na ga ɗan hancin nan irin na gidanmu, sai da na juya baya don kada mata su ga idona. Ni dai na yi amarya, har na gaya wa uwargidana Yalwa ta fara haɗa kayanta, ta ce to Allah ya sa amaryar ta iya dama fura. Yanzu tana Diko tare da uwarta, ana wankan jego a gidan surukanmu. Duk bayan kwana biyu ina hawa mota in je in gan ta, har sun fara yi mini dariya.

Ni bakanike ne, shekara arba'in da huɗu ina ƙarƙashin mota kafin gwiwa ta zaunar da ni. A zamanin Fijo, direba zai taso tun daga Minna ya ce sai ni. Ba na buɗe inji sai na saurare shi tukuna, kuma da wuya kunnena ya yi mini ƙarya. Uban jaririyar nan shi ne ɗana na fari, don haka ba zan kama sunansa ba, ko a gida ban taɓa ba. Yana aiki a Abuja, Allah ya buɗa masa. Wata guda kafin haihuwar ya sayo mota sabuwa dal daga kamfani, irin ta manya, kujerunta ma da ledarsu. Na yi murna, na sa albarka, na zagaya ta sau uku.

Ba ta yi kwana goma ba ta fara. But ɗinta ya buɗe da kansa ana cikin tafiya. Allon nan na gaba mai kamar talabijin ya riƙa ɗaukewa. Wata ƙararrawa ta dinga cewa ƙofa a buɗe take alhali a rufe take. Sannan akwai wani ƙwas-ƙwas a ƙafar gaba ta dama duk lokacin da ta faɗa rami. Sau uku yana mayar da ita kamfani. A can akwai wani Injiniya Callistus, shi ke jona mata kwamfuta. Ban taɓa ganinsa ba, amma Malam, na ji sunansa har ya ishe ni. Injiniya ya ce kaza, Injiniya ya hana kaza, Injiniya a ƙasar waje ya yi kwas. Yaron da a da in gardamar mota ta kaure tsakaninsa da abokansa sai ya ce a bari a tambayi Babansa, yau ko sau ɗaya bai ce in zo in saurari wannan ƙarar ba. Ni kuwa tun ranar farko na san daga inda take fitowa.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ranar suna. An gama addu'a, ana rabon goro a ƙofar gidan surukai, sai but ɗin ya ɗaga da kansa a gaban jama'a. Aka yi dariya, wani ya ce ai ga babban likitan mota a zaune, a ba shi wuri. Har na fara naɗe hannun riga. Sai yaron ya ce, da murmushinsa, “A'a, wannan ba irin tasu Baba ba ce, sai Injiniya.” Ba da raini ya faɗa ba, na sani. Amma na koma na zauna kamar an watsa mini ruwan sanyi.

A ranakun aiki yana barin motar a gidana a Wambai, saboda cunkoson hanya, ya bi motar ma'aikatansu. Makullin yana wurin uwarsa. Ranar Alhamis da hantsi na ce ta ba ni zan ɗumama inji. Ta dube ni ta ce, “Malam, ɗumamawa kawai ko?” Na ce mata ɗumamawa kawai. Na ɗauko tsohon akwatin kayan aikina, na ɗaga motar da jak, na shiga ƙarƙashi. Ko minti goma ban yi ba na gano shi: noti ne guda bai ɗauru ba a jikin ƙaramar sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafar. Na sa sifana na ɗaure. Na fita da ita na bi ramukan layinmu ɗaya bayan ɗaya, shiru kake ji. Abin da kwamfutarsu ta kasa sau uku.

Da a nan na tsaya, da yau ba ka ji daga gare ni ba. Amma daɗi ya ɗebe ni, na ce bari in gama da but ɗin ma, yaro ya dawo ya ga aikin tsoho. Mu yadda muka saba, in kana neman wayar da ke da wuta, allura kake soka mata, ka taɓa da ƙwan gwaji, in ya kama ka san ita ce. Na bi wayoyin da na ga sun nufi baya, na ɗaga shimfiɗar ƙarƙashin kujerar mai zaman banza, na soki wata rawaya. Ƙwan bai kama ba. Da na tayar da motar sai ga wata jar fitila sabuwa a gaban sitiyari, hoton mutum a zaune da ƙwallo a gabansa. Na cire kan batir na mayar, yadda muke yi, ba ta mutu ba. Na naɗe wurin da baƙin tef, na mayar da shimfiɗa, na ba Yalwa makulli. Ta karɓa, amma ta ga baƙin man da ke hannuna.

Da yaron ya zo ya zagaya da ita, ya dawo yana fara'a, wai ƙarar ta daina, dama Injiniya ya ce wataƙila in mota ta saba da hanya za ta bari. Malam, ka ji fa. Aikina, da gwiwata mai ciwo, an ɗauka an ba wani. Sannan ya lura da jar fitilar, ransa ya ɓaci. Ya ce komawa ta huɗu ke nan zai yi, Injiniyan nan bai san aikinsa ba, zai rubuta ƙararsa wurin manyansa, kuma sai sun canja masa mota. Ba zan ɓoye maka ba, da na ji yana faɗan Injiniya, wani sanyi na ji a zuciyata. Na yi istigfari daga baya, amma na ji.

Jiya na je wurin wani tsohon abokin sana'ata na tambaye shi a kaikaice. Ya ce fitilar ta jakar iskar nan ce da ke kumbura ta tare mutum in an yi karo, kuma rawayar waya ba a taɓa ta. Ya ce in kamfani suka ga an sa hannu, garanti na iya tashi. An ba yaron ranar Talata ta sama ya kai motar. Asabar ɗin da ke biye za a yi arba'in, kuma a motar nan ya yi niyyar ɗauko mai jego da amaryata daga Diko, a kan babban titin nan da tireloli ke gudu.

In na yi shiru, za a ɗora wa bawan Allah laifin da ba nasa ba, wataƙila ma su gano tef ɗin. In na faɗa, na tabbatar wa yaron da maganarsa ta ranar suna da bakina. Kuma ta yaya? Ni da shi magana ba ta wuce gaisuwa da sa albarka, komai ta wurin uwarsa yake bi. Wani lokaci sai in ce in sake shiga in gyara wayar da kyau, ba wanda zai sani. Me ka gani?

Tsohon Bakanike, Suleja

*

Wa alaikumus salam Baba. Barka da samun amarya, Allah ya raya Jannat, ya ba mai jego lafiya. Rubutunka kuma ba abin ba da haƙuri a ciki, na fahimci komai.

Zan fara da abin da ba ya jira. Kada ka sake shiga ƙarƙashin kujerar nan. Wayar jakar iska ba a yi mata ɗaurin gida, kuma tana iya tashi a fuskar mai taɓa ta. Allah ne ya tsare ka a karon farko. Muddin fitilar nan tana kunne, ba wanda zai iya ce maka jakar za ta yi aiki ranar da ake buƙatarta, ko ba za ta tashi haka kawai ba. Saboda haka in ba a gyara kafin Asabar ba, a nemi wata motar a ɗauko jaririya. Ba za ta san a wace ta zo ba.

Sannan ka faɗa masa, kafin Talata, ba bayanta ba. Ma'aikatan kamfani za su bi wayar, za su ga tef, za su ga hudar allura. Ka auna yadda zai ji in ya gama ɗaga murya a gaban manyan Injiniya, sannan a ɗaga shimfiɗa a nuna masa. Wannan kunyar ta fi wadda kake gudu nesa ba kusa ba, kuma shi za ta fara kamawa. Ga kuma haƙƙin mutumin da bai san ka ba, bai yi maka komai ba, aikinsa na iya taɓuwa.

Na san nauyin da ke tsakanin uba da ɗan fari. Tunda Hajiya Yalwa ta ga hannunka, ta riga ta sani, jira take ka yi magana. Ka sa ta kira shi, ta zauna a wurin, amma kai za ka faɗa da bakinka. Ba sai ka yi doguwar magana ba: na ɗaure noti, ƙara ta daina, na soki waya, fitila ta kama. Ka faɗi biyun tare, kada ka ɓoye na farkon don kunyar na biyun.

Game da garanti, kada ka yanke hukunci tun yanzu. Ya danganta da abin da ke rubuce a takardar, sai ya ɗauko ta ku karanta. Sau da yawa abin da aka taɓa shi ke fita daga garanti, ba motar gaba ɗaya ba. Matsalar but da allo da ƙararrawa sun riga allurarka, kuma zuwansa uku yana cikin takardun kamfani. Ya adana kwafinsu, ya ɗauki bidiyon kowace matsala in ta taso, ya nemi a rubuta masa abin da aka gano da abin da aka canja. A kan waɗannan yana da gaskiya, ya tsaya a kai. Gyaran wayar kuwa mai yiwuwa a ce shi zai ɗauka, sai a yi haƙuri.

Ba kai kaɗai ke da gyara ba. Maganar da ya yi ranar suna, ko da wasa ce, ba a gaban surukai ya kamata ba, kuma da ya ce ka saurari ƙarar tun farko da an huta. Sai dai ka duba ta ɗaya gefen. Wataƙila an ja masa kunne a kamfani kada kowa ya taɓa, kuma yaron da ya tashi yana ganin ubansa a ƙasa cikin baƙin mai, in ya samu, abin da yake so shi ne ya ga uban a kujerar baya. Mai yiwuwa hutar da kai yake yi, kai kuma ka ɗauka ajiye ka ya yi. Ba za ka sani ba sai kun yi magana.

Shi kuma Injiniya ba abokin takararka ba ne. Ya san abin da ba ka sani ba, kai ma ka ji abin da na'urarsa ba ta ji ba. Ka ce wa ɗanka za ka bi shi ranar Talata. Ka nuna musu wayar da kanka, ka nuna musu notin da ka ɗaure su duba shi su rubuta, domin sabuwar mota da ta fito da sakakken noti magana ce da ya kamata kamfani ya ji. In ka shiga da gaskiyarka, ba wanda zai raina ka a wurin.

Ka kira su yau, Baba, kada ka bari sai gobe. Allah ya sanyaya zuciyar ɗanka, ya sa a gyara cikin sauƙi, ya kawo mai jego da jaririya gida lafiya.

Malam Bamalli