Aikin Auta Ya Maƙale a Kwamfuta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri. Inna ta samu sauƙin ƙafarta. Auta kuwa yana asibiti tun faɗuwar da ya yi a babur. Yana buɗe ido, yana riƙe min hannu, amma har yau bakinsa bai buɗe ba.

Yaya, wata damuwar ce ta sa na rubuto, tunda kai ka koya masa wannan aikin na kwamfuta. Abokin aikinsa, wanda suke kira Mai Gilashi, ya zo gida ya ce manhajar kantin magani da Auta yake haɗawa ba ta iso ma'ajiyarsu ta ofis ba. Maigidansu kuma ya ce in ba ta iso ba kafin ƙarshen mako, wani zai ɗauka a gurbinsa. Na ce kai, yaron da ba ya ɗaga kai daga allo? Sai ya ce ai Auta ya yi ta yin komit, fush ne bai yi ba. Ni da ɗinki kawai na sani, na ce ya yi min da Hausa. Ya ce komit kamar in gama riga ne in ninke a akwati, fush shi ne kai wa mai ita.

Mun kunna kwamfutar Auta a kan teburin keken ɗinkina. Mai Gilashi ya buga wani umarni wai shi git log, sai ga aikin nan jere, kowanne da ɗan bayanin da Auta ya rubuta. A wani ya ce ya gyara lissafin magunguna, a wani ya ce na dame shi da kiran cin abinci. Na yi dariya, sai kuma hawaye. Da ya buga umarnin fush ɗin, sai kwamfutar ta nemi kalmar sirri. Mun gwada sunan Inna, mun gwada ranar haihuwar Auta, ta ƙi. Mai Gilashi ya ce kwamfutar Auta ce ta kansa, ba zai kwashi komai ba sai da yardar mai ita, ni kuma wallahi ban san abin da ya dace ba.

Don Allah ka kira ni, ko akwai wata hanya. Jiya a asibiti na sunkuya na tambayi Auta kalmar sirrin. Ya yi ta motsa leɓe, ya yi ta ƙoƙari har gumi ya keto masa, ni kuma ban gane komai ba.

Ka gaida Anti da yara. Inna tana sa maka albarka.

Taka ƙanwa,
Mai Keke