Littafin ya ce in yi shiru

Mai shawara, don Allah ki cece ni, ranar Asabar za a raba ni da kujerata. Ban yi makaranta ba, maƙwabcina tela ke rubutawa, kuma na gargaɗe shi kada ya rage ko kalma.

Shekara arba'in da biyar ina kaɗa jita da kunne. Da ni aka kafa ƙungiyarmu ta makaɗa. Yanzu sabon shugaba, wanda na goya da hannuna, ya shigo da takardu, wai duk wanda bai iya karanta kiɗa ba ya ba da wuri. Layuka biyar da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda!

Autata malamar kiɗa ce. Ta kawo littafi mai darasi talatin, kullum da yamma muna zama a baranda. Ta hana ni tsallake shafi, ta sa ni ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu kamar ɗan yaye. Na haɗiye. Har muka kai darasi na takwas, inda akwai wata 'yar alama da ke nufin a ɗauke hannu, a yi shiru na bugu biyu. Ni kuwa a irin gurbin nan nake zuba adon da ya yi mini suna. Sau tara tana tsayar da ni. Na ce da ita wanda ya rubuta littafin kurma ne, ita kuma aku. Na yage shafin. Ta tsince shi, ta ninke, ta tafi. Kwana goma sha biyu ke nan ko waya babu.

Uba ne zai bi 'yarsa? Amma in ba ita ba, wa zai fitar da ni?

Tsohon Makaɗi

Baba, na ji kukanka. Mutumin da hannunsa ya ciyar da gida, a ce masa ya koma ƙirga, akwai ciwo. Kunnenka kuma dukiya ce da babu littafin da zai bayar.

Sai dai ka ɓata wa yarinyar nan. Alamar ba raini ba ce. Gurbin da kake cikewa na mai ganga ne ko mawaƙi, marubucin ya keɓe musu shi. Ita kuwa tsoron kada ka ji kunya gaban mutane ya sa ta tsananta.

Darasi ashirin da biyu ba za su shiga kai kafin Asabar ba. Ka sami shugaba a keɓe, ka nuna masa inda ka kai, ka nemi wata uku. Ka roƙi a ware maka wuri a kowace waƙa da za ka zuba adonka son ranka.

Amma fara da autarka, yau ɗin nan. Kada ka aiki tela. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle 'yar cikinka. Ka je da jitarka, ka ce ka yi kuskure, ka kaɗa mata darasi na takwas yadda yake a rubuce.

Allah ya huci zuciyarta, ya bar ka a kujerarka.