Randar Kaka

Al Wukair, 3 ga Maris

Yaya Jael,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya jikin Mama, ya yara, ya Kafanchan? Ni lafiya lau, sai tsayuwar aiki a mashayar otal ɗin nan na ƙasar Larabawa da ke neman cinye min ƙafafu.

Iyayen Tracy, yarinyar da zan aura, za su zo ganin gidanmu bayan bikin Ista. Kin san babanta dattijon ikilisiya ne, kuma ce musu na yi Mama hatsi take sayarwa. Don Allah a fitar da kayan burukutun nan kafin su zo, musamman babbar randar Kaka da warinta ke tarar mutum tun daga ƙofa. Ki lallaɓa Mama. Ban son jin kunya.

Ƙaninki,
Reuben

Al Wukair, 19 ga Maris

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ni dai ban da sukuni. Na buga wayarki sau shida ba ki ɗauka ba.

Jiya wani Ba'amurke ya kawo sabon wiski, manaja ya tara mu mu ɗanɗana don mu iya yi wa baƙi bayani. Mutumin ya ce bayan giyar ta nuna, sai su juye ta cikin tsohuwar gangar katako da ta daɗe tana riƙe ruwan inabi, ta yi watanni tana jan ɗanɗanonta. Har hoton gangar ya nuna mana, yana shafa shi kamar hoton ɗansa. Wai sabuwar ganga ba ta iya wannan aikin.

Na kurɓa. Da farko zafi, sai zaƙi-zaƙi, can ƙarshe wani ɗan tsami mai ƙamshin hayaƙi. Yaya, sai ga ni a bayan ɗakin Mama. Ba haka take faɗa ba, duk lokacin da muka ce ta sayi sabuwar randar burukutu? Cewa daɗin a jikin randar yake, tun hannun Kaka? Mu kuwa mu yi ta dariya.

Manaja yana ta yalla, yalla, wai in yi sauri in faɗi abin da na ji, ni kuwa na ajiye kofin. Ni da nake zuba wa masu kwat giya kullum ina murmushi, ni ne nake ƙyamar ta uwata.

Kada a taɓa randar nan. Ki amsa min yau.

Reuben

Al Wukair, 24 ga Maris

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ya ƙarfin jiki? Yaya za ta karanta miki wannan.

Ta gaya min komai. Ta ce ranar da kika ji wasiƙata ta farko tashi kawai kika yi. Kika mirgina randar da kanki zuwa bayan gida, kika hana kowa kama miki, kika sa mata taɓarya kika farfasa ta. Abin da kika faɗa kawai shi ne, "Kada yarona ya sunkuyar da kai a gaban mutane."

Mama, tun ranar ban iya zama wuri ɗaya ba. Na yi laifi, ki gafarce ni.

Na kira Tracy da babanta na faɗa musu gaskiya, cewa da randar nan kika raine mu mu huɗu. Ban san me baban zai yanke ba. Ko ma mene ne, khalas, shi ke nan, na faɗa.

Roƙo ɗaya nake yi. Yaya ta ce tsingaron yana nan a gindin mangwaro. Kada a share. In sun zo, a nan za a shimfiɗa musu tabarma.

Ɗanki,
Reuben