Ƙauyen da Auta Ta Zaɓa

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, ta sake ki? Mu dai mun sauka lafiya, sai gajiya.

A takarda nake rubutawa in ɗauki hoto in turo miki, don sabis a garin nan sai na hau tudun bayan gida, kusa da tankin ruwa. A can ma kira ba ya shiga, saƙo ne kawai yake rarrafawa ya tafi. Na san abin da za ki ce, ki riƙe abinki. Ai kin riga kin faɗa a falon Mama ranar da muka haɗa kuɗin tafiyar nan, wai an ce a kai Baba hutun ritaya ƙasar waje, ni kuma maƙona ya sa na tono ƙauyen da ko a taswira sai an sa tabarau.

To, birnin naki na bakin teku da kowa ke rububin zuwa, mun ratsa ta cikinsa daga filin jirgi. Yaya, ba masaka tsinke. Mutane sun yi layi cikin rana don kawai su ɗauki hoto a gaban wani tsohon gini, ruwan gora kuma ɗan karen tsada. Abin da za mu biya ɗaki ɗaya a can, shi ya kama mana gida sukutum a nan, da tsakar gida da bishiyar lemo da kicin ɗinmu. Nisa ne dai akwai shi. Mun yi kusan yini a bas muna hawan duwatsu, Mama ta runtse ido tana salati a kowace kwana.

Amma ki zo ki ga Baba. Mutumin da ko kasuwa ba ya shiga saboda cunkoso, ga shi nan yana fita da safe da sandarsa, ya zauna a benci tare da tsofaffin garin. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa, amma sai ki ji suna ta ƙyaƙyata dariya. Abin da ya fi burge shi, tunda muka zo ba a ɗauke wuta ba ko na ƙiftawar ido. Jiya ya ce kunnensa har ƙaiƙayi yake don rashin jin janareta.

Mai gidan wata tsohuwa ce mai kirki, tana zaune a sashen ƙasa, da hannu muke magana da ita. Mama kuwa kin san hali. Jakar maganin sugan Baba tana hannunta tun daga gida, ko a jirgi ba ta yarda na riƙe ba. Ita ke ajiyewa, ita ke yi masa allurar a ɗaki ta rufe ƙofa, kamar yadda ta saba tun muna firamare. Ni nawa dafa abinci da ɗaukar hoto.

Ki gaishe mini da yaran, ki ce tsarabarsu tana nan.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ya yara da makaranta? Ki karanta wannan ke kaɗai, kada ki tura wa kowa tukuna.

Baba ba shi da lafiya. Da farko na ɗauka gajiyar tafiya ce ta biyo shi. Ƙishirwa ta addabe shi, yana shanye gora ya nemi wata, banɗaki kuwa ba ya minti nawa bai shiga ba. Ya daina fita wurin abokan bencinsa. Na'urar gwajin suga kullum lambarta sama take yi. Mama ta hana shi burodi da lemo, ta ƙara masa allurar kaɗan kamar yadda likitansa ya taɓa koya mata, amma kamar ruwa take zuba masa. Yau da hantsi yana tsakiyar yi mini magana barci ya kwashe shi, bakinsa ya bushe har ya tsattsage.

Na je kemis ɗin garin, guda ɗaya ne tak, na tarar da shi a garƙame. Tsohuwa ta nuna mini a kalandar kicin ɗinta cewa sai ranar kasuwa ake buɗewa, likita ma ranar yake zuwa, ita kuma ranar da sauran kwanaki. Shirun nan da nake ta yi miki alfahari da shi, yau shi yake ba ni tsoro. Na tsaya a tsakiyar titi ba mota, ba mutum, sai wata kyanwa a kan katanga.

Ga abin da ya sa nake rubuto miki. Ɗazu na buɗe gidan ƙanƙarar firji don in samo abin da zan sanyaya masa goshi, sai na ga maganinsa gaba ɗaya a ciki, an naɗe shi da kyau a ɗankwalin Mama. Na ɗaga ɗaya, ya daskare kamar dutse. Kin san a gida nan take ajiye shi, don kafin ya yi wani sanyin kirki an ɗauke wuta, kuma nan ne kaɗai ke riƙe sanyi har a dawo da ita. Shekara da shekaru dabararta ke nan, ba ta taɓa ba ta kunya ba. A nan kuwa firjin ba ya hutawa. Na bugi cikinta da wasa, ta ce ai tana jin daɗin firjin mutanen nan, kullum da asuba sai ta ɗumama maganin a tafin hannunta ya narke kafin ta yi masa. Tana faɗa tana murmushi, Yaya.

Ban ce mata komai ba, don ban tabbatar ba. Don girman Allah ki kira likitan Baba yanzu yanzu, ki tambaye shi ko insulin da ya daskare ya narke yana aiki. Zan yi ta hawa tudun nan ina dubawa har in ga amsarki. Idan faɗa za ki yi mini, ki bari sai an jima.

Taki,
Auta

Yaya,

Salamu alaikum, ina fatan kuna lafiya. Na ga saƙonki, na karanta shi a gindin tankin. Ashe daskarewar ta sa duk maganin da muka zo da shi ya mutu, tun washegarin zuwanmu Baba kusan ba magani a jikinsa. Na gane abin da likitan ya ce, asibiti yau ba gobe ba.

Kin rubuta cewa da a birni muke da tuni an yi an gama, asibiti a kowane lungu. Gaskiyarki ce, ba ni da bakin musu. Na duba farashin gida, na duba hoton kicin, na karanta yabon da baƙi suka yi wa tsohuwa, amma ban taɓa duba nisan asibiti ba, alhali da mai ciwon suga zan yi tafiya. Abin yana cin raina fiye da yadda kike zato.

Kafin in sauko daga tudun Baba ya fara amai. Na'urar ta daina nuna lamba, wasu haruffa kawai take fitarwa. Na durƙusa a gabansa ina ba shi ruwa da cokali, ya dube ni ya kira ni da sunanki, ya tambaye ni ko na dawo daga makaranta. Mama ta juya fuska bango.

Bas ba ya zuwa yau, gobe ma haka. Na sauka da gudu na jawo tsohuwa da hannu har bakin gadonsa. Tana ganinsa ta koma ta ɗauki tsohuwar wayarta ta girke, ta yi ta magana da ƙarfi kamar mai faɗa. Daga baya ta zana mini a bayan wani ambulan na wasiƙa: ga mu a sama, ga asibiti can ƙasa, ga duwatsun da ruwan saman shekaranjiya ya gangaro da su suka tare hanya a tsakiya. Motar asibiti za ta zo ta tsaya a wancan gefen. Mu ne za mu san yadda za mu kai shi wurinta.

Ta kira mai kawo burodi garin, shi yana da ƙaramar mota, kuma ya san wata hanyar gonaki da ke zagaye wurin. Ya ce yana zuwa, in dai na fahimce ta daidai. Tun bayan azahar muke jira, ga rana tana yin ƙasa. Na haɗa fasfo da bargo, na tsaya a nan sama don daga nan ake hango hanya. Har yanzu ba ƙura, ba ƙarar inji.

Mama tana ta cewa mu ƙara masa allura ɗaya ko Allah zai sa a dace. Na ce mata likita ya hana, ban faɗa mata dalili ba. Ina jin tsoro, Yaya. Ina jin tsoron in dawo muku da Mama ita kaɗai. Ki tashi kowa ya yi addu'a.

Ga wani abu fari can yana hawowa. Bari in sauka.

Auta

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidan da yara, da duk wanda ya kwana bai runtsa ba saboda mu. Baba yana raye. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune.

Mai burodin ne kuwa. Ya fidda kwandunansa ya zube a ƙofar tsohuwa, muka shimfiɗa Baba a bayan motar, kansa a cinyar Mama. Hanyar gonakin nan ko jaki sai ya yi tunani kafin ya bi ta. Duk ramin da muka faɗa sai in sa hannu a hancin Baba in ji ko yana numfashi. A wani gangare tayar baya ta zame, na leƙa ta taga ban ga ƙasa ba, sai kan bishiyoyi. Bawan Allahn nan tuƙi kawai yake yi yana gumi. Da muka hango fitilar motar asibiti a ƙasan duwatsun, ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Na miƙa masa abin da ke jakata, ya ture hannuna, ya juya motarsa ya tafi kwashe burodinsa.

Yanzu muna asibitin wani gari a gindin duwatsun. Sun yi ta ƙara masa ruwa da magani ta jijiya. Likitar tana jin Turanci, ta ce da mun ƙara kwana a can da sai dai wani zancen. Ƙodarsa ta ɗan taɓu, suna sa ido a kai, amma tana sa ran za ta dawo daidai. Yau da safe ya buɗe ido ya gane ni, har ya ce in gyara ɗankwalina na yi kama da wadda aka koro daga kasuwa. Ban taɓa jin daɗin tsiyarsa irin na yau ba.

Saura maganar Mama, kuma a nan nake neman alfarmarki. Tunda muka zo asibitin nan ba ta sa komai a bakinta ba, ba ta kwanta ba. Likitar ta tambayi yadda muke ajiye maganin, na ja ta waje na amsa mata. Mama ba ta jin Turanci amma ba yarinya ba ce, ta ga fitarmu. Jiya da la'asar ta same ni a baranda ta riƙe mini hannu, ta ce in dubi Allah in faɗa mata ko wani abu ta yi ba daidai ba, ko hannunta ne ya kusa kashe mijinta. Matar da ta raya mutumin nan da allura tun ba mu san ciwon kanmu ba, ba ta taɓa tsallake rana ɗaya ba, ko ranar da aka yi mata aikin ido.

Na ce mata a'a. Na ce zafin injin bas ne ya lalata maganin a doguwar hanyar da na jawo mana, tun kafin mu isa ƙauyen ya riga ya mutu, kuma da a birni muka tsaya da hakan bai faru ba. Na ce sabon da aka ba mu wani iri ne daban, likita ta ce a jikin ƙofar firji ake ajiye shi, ba ya shiri da ƙanƙara ko kaɗan. Ta haddace wannan, har ta maimaita mini.

A can gida, ke da likitan Baba kaɗai kuka san gaskiya. Ki kira shi ki roƙe shi kafin mu dawo. Duk wanda ya tambaye ki a dangi, ki ce Auta ce da neman arharta, ba kuma ƙarya kika yi ba, rabin laifin dama nawa ne. Sauran rabin ma na ɗauka, ni ina da ƙarfin ɗauka, ita ba ta da shi.

Da na gama faɗa mata, ta daɗe tana kallona, sannan ta saki hannuna ta koma ciki. Tun daga lokacin ba ta yi mini magana ba, ko ruwa na miƙa mata sai ta karɓa tana kallon gefe. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma ɗazu na leƙa ɗakin na tarar ta cinye abincin da aka kawo, ta jingina da gadon Baba tana barci har da minshari.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta