Burodin Baba Marar Gishiri

Diffa, Disamba 2006

Zuwa ga yayata Ya Aisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mai gidanki Malam Ɗalha da yarinya. Allah ya sauƙaƙa muku sanyin birnin Liyon da muke jin labarinsa, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Ruwan Komadugu ya zo sosai bana, tattasai ya yi kyau, har an soma tsinkar fari, bakin kogi duk ya yi ja da shanya. Yayanmu Modu yana can gona, ba ya shigowa gari sai ranar kasuwa. Iya tana lafiya in ban da gwiwarta da kika sani. Mai gidana Manzo yana nan yana fama da 'yan lakkol, wato yaran makarantar da yake koyarwa.

Injin burodin da kika aiko ya iso lafiya, ba abin da ya fashe. Mutumin da kika ba saƙon ya sa shi a mota daga Yamai, Manzo ya karɓo a tasha. Tun da likita ya hana Baba gishiri, kin san abin da ya fi damunsa ba miya ba ce, burodin safe ne. Mutumin da tun muna yara ba ya fita sai ya tsoma burodi a shayi, ga shi an ce na gidan burodi ya haramta gare shi. Manzo ya je ya roƙi masu gashi su riƙa ware masa nasa ba gishiri, suka ce kwaɓi ɗaya suke yi wa gari duka. Daga nan Baba ya daina karyawa gaba ɗaya. Kunu ya ce na masu jego ne. In an sha maganin kuma ba komai a ciki, sai jiri ya kwantar da shi har azahar. Ya rame sosai, rigunansa duk sun yi masa yawa. Shi ya sa ranar da injin ya zo na bar gidana na kwana biyu a wurinsu, don mu koye shi tare da Iya.

Manzo ya karanta mana takardar da ke cikin kwalin. Ruwa ake fara zubawa a cikin gwangwanin, sai mai, sai sukari kaɗan, sai fulawa, yis kuma a can sama kada ya taɓa ruwan. A rufe, a danna, shi ke nan. Akwai wani ɗan ƙarfe a ƙasa mai juyawa, shi ke kwaɓawa. Iya ta ja kujera ta zauna tana leƙe ta gilashin murfin, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin tukunyar da ke tuƙa kanta ba. Na farko bai yi ba. Ya tashi har ya taɓa murfi, yana soma gasuwa sai ya lotsa ta tsakiya. Na biyu ma haka. Sai daga baya muka gane kwaɓi marar gishiri saurin tashi gare shi, ga ɗumin ɗakin kuma. Muka rage yis, muka riƙa ɗibar ruwan randa mai sanyi, muka fitar da injin rumfa. A nan ya daidaita. Sauran matsala kuran ce, wato wutar lantarki. In ta ɗauke ana tsakiyar aiki, injin mantawa yake inda ya tsaya. Sau da yawa Iya ke kwashe kwaɓin ta sa a tukunya, garwashi ƙasa garwashi bisa murfi, ta ƙarasa shi haka. Yana ciwuwa, sai dai gindin yakan ƙone.

Ranar da muka samu mai kyau na farko, na yanka na kai wa Baba da shayinsa. Ya juya shi a hannu, ya ce wannan ai bulo ne na gini, burodi dogo ake yi. Ya ga ramin da ƙarfen nan ke bari a ƙasa, ya tambaya ko ɓera ya riga shi. Ya gutsura sau ɗaya ya ajiye, ya ce lami ne, kamar mutum yana tauna auduga. Gaskiyarsa ce, ni ma na ɗanɗana. Ya ce in gode miki, Allah ya yi miki albarka, amma kada mu ƙara ɓata fulawa saboda shi. Na fita bayan ɗaki na yi kukana na share ido na dawo.

Muka yi ta gwaji. Na sa riɗi, ya ɗan taɓa. Na sa dabino, ya ce shi ba yaro ba ne. Modu ya kawo alkamar gonarmu ta bara, muka kai aka niƙa, sai ya fito da nauyi kamar dutse, dole muka haɗa rabi da rabi da fulawar kanti. Wannan ya fi ƙamshi ƙwarai, amma har yanzu bakin Baba bai karɓa ba. Wata safiya Iya tana dakan tattasai na miya, ina auna fulawa kusa da ita, sai ta ɗebo cokali guda ta zuba mini a ciki, ta ƙara da soyayyar albasa, ta ce in dai asara ce mun saba. Burodin ya fito ja-ja, ƙamshinsa har zaure. Ban ce wa Baba komai ba, na ajiye masa na koma gefe. Ya ci yanka ɗaya, ya ɗauki na biyu. Yana cikin na ukun ya ce a kira masa Modu duk ranar da ya shigo, domin wannan tattasai an kwashe shi daga shanya bai gama bushewa ba, kuma ba haka ya koya masa ba. Ni da Iya muka kalli juna. Rabon da Baba ya yi wa wani faɗa a kan gona tun kafin azumi.

Tun daga ranar kullum yana karyawa. Jirin ya tafi, yana shan maganinsa a kan lokaci, yana fita ƙofar gida ya zauna da abokansa. Har ya soma aika wa Malam Idi maƙwabcinmu da yanka biyu, shi ma hawan jini gare shi, Baba yana yi masa bayanin injin kamar shi ya ƙera. Ki kwantar da hankalinki ta wannan wajen, abin da kika aiko ya yi aikinsa, Allah ya saka miki.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto maimakon in jira waya. A telesantar, inda muke zuwa buga waya, Iya tana tsaye a gefena, layin kuma yana yankewa, ba na iya faɗa miki. Makon jiya muka mai da Baba asibiti saboda ƙafafunsa sun sake kumbura, in ya kwanta numfashi yana yi masa wuya sai an tokare shi da matasai. Likita ya duba shi, sa'an nan ya kira ni da Manzo gefe. Ya ce ya ji daɗi da Baba ke cin abinci, mu ci gaba da abin da muke yi, amma zuciyar ta gaji, magani riƙe ta kawai yake, ba gyara ta zai yi ba. Na tambaye shi ko mu kai shi Damagaram ko Maiduguri, ya ce wahalar hanya za mu ƙara masa kawai. Ya ce rai na Allah ne, shi ba zai sa lokaci ba, amma in akwai ɗa ko 'ya a nesa, a gaya musu gaskiya yanzu. Modu ya sani. Iya ba mu gaya mata ba, ko da yake ina jin ta gane, don ta daina yi masa gardama a kan komai.

Kin ce mini a waya za ki aiko da abin awon jini, ku kuma sai hutun baɗi in Allah ya kai mu. Ya Aisa, kada ki aiko da komai. Abin awo akwai a asibiti. Ki yi magana da Malam Ɗalha, ki nemi izini a wurin aikinki, ki zo cikin sanyin nan tun yana zama ƙofar gida da ƙafarsa. Kin san halin Baba, ba zai taɓa cewa ki zo ba, in kin tambaye shi ma cewa zai yi ki zauna ɗakinki. Amma ran Juma'a ya sa aka kira Modu daga gona, ya zaunar da shi, ya bi masa iyakokin gona ɗaya bayan ɗaya, da wanda muke maƙwabtaka da shi ta kowane gefe. Shekaranjiya kuma ina kwashe kofuna ya tambaye ni tsawon 'yarki Sumaiya, da bai taɓa gani ba sai a hoto. Ya ɗaga hannunsa daga ƙasa yana gwadawa, ko ta kai nan, ko nan. Na ce ban sani ba. Ki kawo ta ya auna da kansa.

Iya tana gaishe ki, tana sa miki albarka. Modu da matarsa Fatime suna gaisuwa, haka Manzo da yara. Gwaggo Habiba ta zo daga Maine dubiya, ta ce lalle in sa sunanta. Ki gaishe mini da Malam Ɗalha da kyau. Da kin tsai da rana ki kira Manzo a lakkol, shi zai je ya tarye ku. Allah ya kawo ku lafiya, ya sa ku tarar da mu lafiya.

Ƙanwarki,
Sadiya Grema