Ramin da Ya Ci Darwis

Zuwa ga ƙanena Syahrial,

"Yaya, kafin damina zan turo na'urar da ke ganin iskar gas, mijinki ya huta da ruwan sabulu." Kai ka faɗa, ranar salla, a ɗakin Emak mahaifiyarmu. Damina ta zo ta wuce.

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya a Jakarta, Allah ya ƙara muku. Mu a Sungai Rambai da rai dai. Gwiwar Emak ta matsa mata, a zaune take salla. Allon furannin ta'aziyyar da ka aiko ya iso, ya fi ƙofarmu faɗi. Kai ne ba mu gani ba.

Ka tuna ranar da kamfaninku ya kashe wutar nan da ta shekara talatin tana ci a saman dogon bututu? Har akuya muka yanka don murna. Mijina Darwis kaɗai ya ƙi cin naman. Ya ce wutar aka kashe, ba iskar ba, da tana ƙonewa, yanzu za ta nemi hanya. Na ce masa tsoho mai baƙin rai, ya yi dariya ya ce ya ji, malama. Tun daga nan yake bin ramukan bututu da bokiti, yana shafa sabulu a mahaɗa, inda ya yi kumfa ya kai rahoto. Sau huɗu ya kai na rami na bakwai. A na biyar ya sauka bai fito ba. Abokin aikinsa Marjohan ya ce ko ihu bai yi ba, zaune suka same shi kamar mai hutawa. Iskar ta kore numfashi daga ramin.

Na karanta rahotonku, shafi tamanin da huɗu, ban tsallake layi ba. A shafi na talatin da ɗaya kun ce kun rage fitar iskar methane da rabi, kuma babu inda ke yoyo a yankinmu. Sa hannunka ne a ƙasa. Ni na koya maka rubuta sunan nan, Rial. Emak kuwa tana nuna wa masu zuwa gaisuwa hotonka da lambar yabo, tana cewa autanta ne ya wanke mana sama. Ramin yana nan, an dai ɗora masa katako, kuma wata mai zuwa za a sake tura Marjohan.

Ka gaishe da matarka Yusnidar da 'yarku Mardiah. Inna Rohani na gaishe ku.

Ranar Alhamis, tara ga wata, sadakar arba'in. Ka zo ka tsaya bakin ramin, ka sa a rufe bututun, ka janye sa hannunka. In magariba ta yi ba ka zo ba, ranar Juma'a zan kai wa 'yan jarida na birnin Pekanbaru kwafin rahotannin Darwis. Amma kafin in hau mota, zan zaunar da Emak in karanta mata shafin nan, har da sunan da ke ƙasa.

Yayarka,
Nurbaiti