Danshin Ɗakin Iya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Banɗakinmu ya jima yana kuka in an kora ruwa, ruwan kuma sai ya ga dama yake wucewa. Na yi ta ɗage kiran mai gyara har wari ya tashi, kyankyasai suka cika gida. Jiya ya zo ya tona. Saiwar lemon tsakar gida ce ta fasa bututun ƙazanta, ruwan ya bi ƙarƙashin katanga.

Bayan katangar nan ɗakin Iya ne, tsohuwar maƙwabciyarmu, kuma a kusurwar take shimfiɗa sallaya. Na sha ganin danshi a wurin, na ɗauka na damina ne. Ashe najasar gidanmu ce. In na faɗa mata, ka san ta, sai ta ce za ta rama sallolin nan duka, ga gwiwa ba lafiya. In na yi shiru, da wane ido zan gaishe ta?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka

Malama sarkin waswasi,

Wa alaikis salam. Ƙafa da sauƙi, ke ce dai za ki sa mini ciwon kai.

Ke da kika fi ni karatu, kin san ba a kama mutum da abin da bai sani ba. A sare saiwar, a sa sabon bututu, a liƙe, danshi zai bushe da kansa. Kada ki tayar wa tsohuwa hankali. Abin da baki ya rufe ai ya rufu.

A gaida yara.
Yayanki

Yaya,

Salama da gaisuwa. An sa bututun. Ka gafarce ni, ban bi maganarka ba, na je na durƙusa na faɗa wa Iya.

Dariya ta yi, ta ce, "'Yar nan, gwiwa ce ta tsufa, ba hanci ba."

Tun farkon warin ta gane. Ta bar salla a ɗaki, ta koma tsakar gida, ko rana ko ruwa. Wai ta ji nauyin ta ce mini ƙazantar gidana ta shigo mata.

Ashe sanadin tarin da nake jiyo mata ta kan katanga kenan, ina aika mata sannu.

Ka sa ni a addu'a.
Ƙanwarka